Kafin a yi wa kwamfuta fomatin

Kusan duk wanda ya shigo mini da kwamfutarsa ta gida, maganar da yake fara yi ɗaya ce: "Malam, a yi mata fomatin kawai," wato a goge komai a sake ɗora Windows. Ni kuwa sai in tambaye shi yaushe matsalar ta fara, me aka saka mata ko aka cire a 'yan kwanakin nan. Mu uku ne a aikin, ni da samari biyu da nake koya wa, kuma dokar da na kafa musu tun ranar farko ita ce ba a goge Windows sai an gano abin da ke damun na'urar. Fomatin yana share cutar har da sawunta. In faifan ajiya ne ya kama hanyar mutuwa, bayan mako biyu mai ita zai dawo da kuka iri ɗaya, ga fayilolinsa sun tafi a banza.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne nauyi. A nan ba na ɓata lokaci: in danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, wato tagar da ke nuna abin da ke cin ƙarfin kwamfuta, in zuba ido in ga wane sashe ne ya kai ɗari bisa ɗari. Sau da yawa manhajoji ne birjik suke tashi tare da kwamfutar, kowacce tana jan nata rabon tun kafin mutum ya taɓa komai. Wani lokacin kuma manhajar kashe bairos ce har biyu aka ɗora, suna ta kokawa da juna, alhali Windows 10 da 11 suna zuwa da tasu, wato Defender, kuma ta ishi mai amfanin gida. In kuwa faifai ne ya tsaya cik a ɗari, kuma tsohon nan ne mai juyawa sau 5400 a minti, to babu dabarar manhaja da za ta yi magani. Gaskiya nake faɗa wa mai ita: a sa SSD, wato faifan ajiya na zamani da ba ya juyawa, mai sauri.

Wata baiwar Allah ta taɓa kawo laftof ɗinta a nannaɗe cikin jaka, ta ajiye a teburina tana riƙe da gefenta kamar za a ƙwace. Da an kunna sai allo ya koma shuɗi ta mutu. A wani wuri an ce mata sai dai a goge, ita kuwa hotunan marigayi mijinta duk suna ciki, babu su a ko'ina. Na ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba za mu taɓa komai ba sai hotunan sun fito." Na tayar da kwamfutar daga filashi mai ɗauke da Linux Mint, wata manhajar tafiyar da kwamfuta ce kamar Windows, na kwashe foldojin zuwa wani faifai, ta zauna tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya har ta tabbatar sun cika. Sannan na shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da mafi ƙarancin direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa ta da sassan na'ura. Ashe direban hoto ne da aka sabunta bai dace da na'urar ba. Na mayar da tsohon ta Device Manager, inda ake sarrafa direbobi, ta tashi lafiya lau. Aikin bai kai awa biyu ba.

Allah ya taimake ta faifan ba a kulle yake ba. Da yawa daga cikin sababbin kwamfutoci suna zuwa da BitLocker, tsarin da ke kulle faifai, a kunne, mai ita bai ma sani ba, kuma in babu mabuɗin nan mai lambobi 48, wanda galibi yake cikin asusun Microsoft na mutum, ni ma ba ni da ta cewa. Shi ya sa nake neman sa tun kafin in kwance ko dunƙule ɗaya.

Abin da ya fi wahalar shiga kan masu koyo shi ne haƙurin canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Yaro zai cire manhaja uku, ya taɓa rajistar Windows, wato ma'ajiyar saituttukanta, ya sabunta direba, duk a zama guda. Ko ta gyaru bai san wanne ne ya yi aiki ba. Akwai littafi a teburin kowannenmu, duk abin da aka taɓa sai an rubuta. Kafin a shiga rajista a ajiye madogara ta System Restore, wadda za a iya mayar da Windows gare ta in an yi ɓarna. In ana zargin fayilolin Windows sun lalace, a fara da umarnin sfc /scannow mai duba su ya gyara, in ya gaza a bi da wani umarnin gyara mai suna DISM. Manhajojin nan masu alkawarin ninka gudun kwamfuta kuwa, da waɗanda aka fasa ake rabawa kyauta, ba na barin su a na'urar da ta bi ta hannuna, domin ta nan ɓarna ta fi shigowa.

Yanzu babban abin da ke gabanmu shi ne Windows 10, wadda Microsoft ta sa ranar 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ƙarshen tallafinta, wato ranar daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, kamar yadda ta yi wa Windows 7 a Janairun 2020. Windows 11 tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta, kuma a ɓangaren Intel sai na'urar sarrafawa ta zubi na 8 zuwa sama, don haka kwamfutoci masu rai da lafiya da yawa sun faɗo a waje. Zuciyata ba ta yarda in ce a jefar da su. Wanda aikinsa rubutu ne da intanet, nakan sa masa Linux Mint da LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi, in zaunar da shi rabin awa ya buɗe takardunsa, ya haɗa firinta, ya buga shafi ɗaya da hannunsa kafin ya ɗauke ta.