Zagi a kasuwar Hollywoo

"Kai da gemunka, katun kake kallo?" Abin da Yaya ya faɗa ke nan ranar da ya leƙo ɗakina a cikin kullen korona na 2020, ya tarar na ɗora kwamfuta a cinya ina ta ƙyaƙyata dariya ni kaɗai. A fuskar kwamfutar wani doki ne sanye da kwat, da kwalbar giya a hannu, suna sa-in-sa da wata mage mai ruwan hoda a kan kwantiragin fim. Na ce, "Yaya, ai wannan ba na yara ba ne." Ya ce to ai shi ya fi muni, ya saki labule ya yi gaba.

Shirin shi ne BoJack Horseman, wanda Netflix ta fara sakawa a watan Agustan 2014, aka kammala shi a Janairun 2020 bayan zango shida. Raphael Bob-Waksberg ne ya ƙirƙiro shi, Lisa Hanawalt kuma ita ta zana kamannin dabbobin. A duniyar shirin mutane da dabbobi cuɗe suke, suna aure, suna zuwa ofis, kuma babu mai mamaki, kamar dai yadda ba wanda ya taɓa tambayar yadda aka yi Gizo yake magana da sarki. Shi BoJack tsohon jarumin talabijin ne da tauraruwarsa ta dushe. Kuɗi yana da su, ga katafaren gida a kan tsaunin da ke kallon birnin Los Angeles, sai dai ba shi da abin yi illa shaye-shaye da maimaita kallon tsohon shirinsa. Tun nan zan faɗa, kada a zarge ni daga baya: akwai giya, akwai ƙwaya, akwai batsa a baki da a aikace. Ranar da ɗan Yaya ya faɗo ɗakin yana cewa "Baffa, saka mana na dokin nan," ban san lokacin da na rufe kwamfutar ba.

A kallona na farko, rabin barkwancin ta saman kaina ya wuce. Shirin cike yake da shaguɓe ga fitattun mutane da finafinai da tashoshin Amurka, wani a baki, wani a rubuce jikin allon talla da ke bayan masu magana, wanda sai ka tsayar da hoton za ka iya karantawa. Akwai darakta gizo-gizo mai suna Quentin Tarantulino, wannan ko ni na gane shi. Akwai tashar labarai MSNBSea da wani ƙaton kifi ke gabatarwa. Kamfanin ɗab'in da ke jiran littafin tarihin BoJack kuwa tsuntsayen nan na ƙanƙara da ake kira penguin ne ke tafiyar da shi, saboda akwai kamfanin littattafai na gaske mai suna Penguin. Amma da aka fito da jarumi Andrew Garfield yana son wani abincin Italiya kuma yana ƙin ranar Litinin, zuru na yi. Sai da ƙanina ya bayyana mini cewa akwai wani magen zanen jarida mai suna Garfield, tun 1978 ake buga shi, wanda halinsa ke nan. Na ce "to." Barkwancin da sai an yi maka tafsiri, ko ka gane, dariyar ta riga ta huce.

Wanda ya fi burge ni a irin waɗannan shi ne na allon Hollywood. Manyan haruffan nan farare da ke kan tsauni na gaske ne, an kafa su a 1923 don tallan filaye da gidaje, a lokacin HOLLYWOODLAND aka rubuta, sai a 1949 aka cire haruffa huɗun ƙarshe. A zango na farko BoJack ya yi tatul ya je ya sace harafin D saboda wata mata mai suna Diane, wadda ke rubuta masa littafin tarihinsa. A wani shirin, kashi na gaba za ka ga an mayar da harafin kamar ba a yi ba. A nan kuwa garin kawai ya sallama. 'Yan jarida, lauyoyi, masu ba da kyaututtuka, kowa ya koma cewa Hollywoo, ba tare da ko murmushi ba, har shirin ya kusa ƙarewa. Da aka tashi gyarawa kuma, aka yi kuskuren oda, B aka kawo. Nakan ce da mu ma muna da allo a kan Dala, da tuni wani ya mayar da mu Kannywoo, tunda dama sunan daga can muka aro shi.

Sai a kallo na biyu, bayan shekara guda, na lura da abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Duk inda shirin ya kama sunan mutum na gaskiya, wasa ne kawai, irin na tsakanin abokan wasa. Margo Martindale, dattijuwar jaruma ce ta gaske wadda ta shafe shekaru tana fitowa a ƙananan matsayi, ita da kanta ta ba da muryarta aka mayar da ita riƙaƙƙiyar 'yar ta'adda mai fashi da harbi. Dariyar a nan ita ce 'yan sanda sun san fuskarta amma sunan ya ɓace musu, wanda shi ne ƙaddarar irin waɗannan jarumai. Jessica Biel ma da bakinta ta yi wa kanta tsiya. Marubucin nan J. D. Salinger, wanda ya yi shekaru yana gudun jama'a har ya rasu a 2010, shirin ya ce wai mutuwar ƙarya ya yi, yana nan yana aiki a shagon kekuna, kuma babban burinsa shi ne ya shirya gasar kacici-kacici ta taurari a talabijin. Duk wannan zambo ne mara dafi, wanda ake yi da kai kana wurin, har ka taya dariya.

Inda shirin ke da magana mai zafi kuwa, ba ya kama suna. Sai ya ƙirƙiro dabba ya ba ta suna na ƙarya, ya bar mai kallo ya cike gurbin. Mu da muka tashi a gidan da mata ke habaici a bakin murhu mun san wannan salon sarai. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma wanda ake yi da shi ma ya sani.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai yana zango na biyu, wanda ya fito a Yulin 2015. Akwai wani dattijon dorinar ruwa, Hank Hippopopalous, mai gabatar da shirye-shirye da duk ƙasar ke ƙauna kamar kawunsu. Diane tana wurin tallan littafi, a tsakiyar amsa wata tambaya, ta ambaci cewa tsoffin mataimakansa mata sun taɓa zarginsa da cin zarafi. Ba wani sirri ta tona ba, maganar tana rubuce kowa na iya dubawa. Amma daga ranar sai ƙasa ta juya kanta. Tashar kifin nan ta gayyace ta ana yi mata tambayoyi kamar ita ce mai laifi, wasiƙun barazana suka cika mata gida, mujallar da ta yi alkawarin buga labarin ta janye saboda uwar kamfaninsu ɗaya da tashar da Hank ke wa aiki. Mijinta ma, karen nan mai fara'a Mr. Peanutbutter, roƙonta yake ta bar maganar don shirinsa a tashar yake. Sai Hank ya same ta su biyu a wurin ajiye motoci, cikin ruwan sanyi, ba tsawa ba zagi, ya nuna mata cewa shi ba abin da zai same shi, ita kuwa ba kowa ba ce. Kashin ya ƙare tana zaune a filin jirgi ta yi jugum, wani baƙon namiji ya ce mata ta ɗan yi murmushi mana.

Ba a taɓa faɗin ainihin abin da Hank ya aikata ba, ko sau ɗaya. Masu kallo a Amurka suka ce da Bill Cosby ake, wanda zarge-zargensa suka sake tasowa a ƙarshen 2014. Bayan shekara biyu da fitowar kashin, a Oktoban 2017, labarin furodusa Harvey Weinstein ya fashe, sai aka ga ashe rigar ta dace da mutane da yawa. Ni kuwa da nake zaune a nan, ban san Cosby sosai ba, amma Hank na san shi. Na san irin mutumin da idan aka ambaci abin da ya yi, sai a ce wa mai maganar ta ji tsoron Allah ta rufa wa bawan Allah asiri, kuma a ƙarshe ita ce za ta bar unguwar. Da sun kira sunan Cosby, da labarin ya tsaya a kansa. Wannan bai buƙaci ƙanina ya yi mini tafsiri ba.

Haka abin yake da Sarah Lynn. Tsohon shirin da ya ɗaukaka BoJack, Horsin' Around, labarin doki ne da ya ɗauki marayu uku yana riƙo, kuma kwaikwayo ne na shirye-shiryen iyali da suka cika talabijin ɗin Amurka daga ƙarshen shekarun 1980, irin su Full House: falo ɗaya, kujera doguwa a tsakiya, dariyar 'yan kallo tana tashi bayan kowace magana, kowace matsala kuma a warware ta cikin minti ashirin da 'yan kai da runguma. Sarah Lynn ita ce 'yar autar marayun. Ta girma ta zama mawaƙiya mai rawar tsiraici, ta kai talatin an fara mantawa da ita, ƙwaya ta zama abincinta. Za ka iya jera sunayen yaran Hollywood biyar ko shida da suka bi wannan hanyar, shirin bai zaɓi ko ɗaya ba. Wanda bai kalla ba ya tsallake layin nan: a zango na uku ta mutu, a gefen mutumin da ya fito a matsayin ubanta, kuma da ƙwayarsa.

Akwai kuma habaicin da sai daga baya ya nuna. BoJack ya samu fitowa a fim ɗin tarihin Secretariat, wanda dokin sukuwa ne na gaske da ya lashe manyan gasanni uku na Amurka a 1973. Ana tsakiyar ɗauka ya gudu ya bar garin na tsawon watanni. Da ya dawo sai ya tarar an gama fim, furodusan, wani tsohon kunkuru, ya sa an haɗa surarsa da kwamfuta an maye gurbinsa daga farko har ƙarshe. Kuma wannan fitowar da ba shi ya yi ba ita ake ta yabo ana cewa ta cancanci Oscar, babbar kyautar finafinan Amurka. A 2015 abin dariya ne. A 2023 'yan wasan Hollywood suka shiga yajin aiki daga Yuli zuwa Nuwamba, kuma cikin manyan buƙatunsu akwai hana kamfanoni amfani da surarsu ta kwamfuta ba da izini ba.

Ba komai nake yaba wa ba. Kashi biyar ko shida na farko lami ne, har na kusa ajiye shi. Wani lokacin marubutan sukan shagala da wasan kalmomi, su jera jimla mai karya harshe don kawai su nuna sun iya, wanda in Turancinka na makaranta ne irin nawa sai dai ka bi da ido. Sannan akwai abin da ke ɗan sosa mini rai: masu yin habaicin nan su ma 'yan kasuwar ne, a Hollywood suke cin abinci, kuma kamfanin da ke biyansu yana cikin manyan masu rumfa. Sai dai a zango na biyar sun juya wuƙar kansu. BoJack ya shiga wani sabon shiri, Philbert, na ɗan sanda mai baƙin hali da duhun zuciya, irin jaruman da talabijin ɗin Amurka ta yi yayi. Diane, wadda ta taya rubuta shi, ta zo ta gane cewa miyagun maza suna kallo suna samun natsuwa, suna cewa ai kowa ma haka yake. Duk wanda ya kai zango na biyar yana tausaya wa dokin nan ya san da wa ake. Na tsargu, ba zan ɓoye ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

A ofishin gidan BoJack akwai wani zane a bango wanda na wuce shi sau da yawa ban kula ba. Doki ne tsaye a bakin kwamin wanka, sanye da kaya, yana kallon wani dokin da ke iyo a ƙarƙashin ruwa. Kwaikwayon zanen David Hockney ne na 1972, wanda aka yi gwanjonsa a Nuwamban 2018 kan dala miliyan 90.3. A na Hockney mutum biyu ne daban. A na BoJack kuwa shi ne a tsaye, shi ne kuma a cikin ruwan. Ban san Hockney ba sai da na bincika, amma tun kafin nan hoton ya riga ya dame ni, musamman da yake waƙar buɗe shirin kullum tana ƙarewa ne da shi ya faɗa cikin kwamin gidansa yana kallon sama.

Yaya dai bai taɓa yarda yana kallo ba. Amma wani dare ina maimaita kashin Hank, ya shigo neman caja, ya tsaya a bayana da cajar a hannu har aka kai wurin filin jirgin. Da rubutu ya fara hawa ya ce, "Shi dorinar, a gaba an kama shi?" Na ce a'a, Yaya, ba a kama shi ba. Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Ai na sani," ya fita da cajata.