Alƙawarin da na yi wa wata mara lafiya

Shekaranjiya na miƙa makullan ofis, bayan shekara shida a ɓangaren masu ciwon suga da tayirod, wato ƙululun nan na gaban wuya da ke daidaita yadda jiki ke ƙona abinci. Ina kwashe kayana, mace ɗaya ce ta riƙa faɗo mini a rai.

Ta shigo ne da rigar sanyi ana zafi, fuska a kumbure, gashi na zuba. Ta ce, "Sista, wallahi ba na cin abin kirki, amma kullum ƙiba nake." Gwajin jini ya nuna TSH, sinadarin da ke hawa idan tayirod ya yi rauni, ya haura. Cutar Hashimoto ce, wadda garkuwar jiki ke far wa tayirod har ya kasa aiki. Likita ya rubuta levothyroxine, ƙwayar da ke maye gurbin sinadarin tayirod, ya kira na gaba. Ni kuwa, don in sanyaya mata rai, sai na ce, "Hajiya, ki dai riƙe maganin nan, ƙibar za ta zube."

Ai kuwa ba ta zube ba. Ƙibar da raunin tayirod ke jawowa yawanci ba ta wuce kilo 2 zuwa 5, kuma galibinta ruwa ne da gishiri da jiki ya tara. Na san haka sarai, bakina ne ya riga ni. Da ta ga sikeli ya ƙi motsi, sai ta ninka ƙwayar da kanta. Aka dawo da ita hannu na rawa, zuciya na dukan uku-uku, ba barci. Yawan maganin nan kan rikita bugun zuciya, ya kuma cinye ƙashi a hankali.

Babban likita ya wanke ni tas a gaban ɗalibai. Laifina ne, na amsa. Sai dai shi likitan da bai taɓa ba ta minti biyar ba, sunansa bai fito a rahoton da aka rubuta kan lamarin ba. Har gobe abin na cina.

Daga ranar ban sake yi wa kowa alƙawarin kilo ba. Nakan ce a sha ƙwayar da ruwa kafin a ci komai, a jira kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, a ba da tazarar awa 4 tsakaninta da maganin ƙarin jini ko kalsiyam, a dawo gwaji bayan mako 6 zuwa 8. Abokan aiki, wanda ya ce yana gajiya, ku yarda da shi kafin ku leƙa takarda.

Hajiyar ta warware. Zuwanta na ƙarshe, ni ta nema in ɗora ta a sikeli.