Ellora: direba ya cinye mana safiya, amma sai da na hau saman Kailasa

Har yanzu in na tuna direban nan raina ɓaci yake wallahi. Mun taso daga Pune a ƙasar Indiya mu 'yan makaranta, muka kwana a Aurangabad, da sassafe muka ɗauki shatar mota zuwa Ellora, inda tsoffin kogunan ibada da aka sassaƙa a jikin dutse suke, tafiyar da ba ta fi kilomita 30 ba, amma bawan Allahn nan sai da ya bi da mu shagon masu saƙa, daga nan shagon duwatsun ado, wai ku duba kawai ba dole, ashe kamasho yake karɓa. Kafin mu isa rana ta take. Kogo 34 ne fa a wurin, 12 na mabiya Budda, 17 na Hindu, 5 na mabiya addinin Jain, don Allah ta ina mutum zai fara?

Kai tsaye muka nufi na 16, wato Kailasa, wurin bautar mabiya Hindu. Daga ƙasa za ka ɗauka gini ne aka ɗora dutse kan dutse, ga giwaye a jere a gindinsa sun ɗauke shi a baya. Na saba da masallaci inda ake buɗa wuri don sahu ya miƙe, to a nan da ka wuce zaure mai ginshiƙai sai ka tarar ɗakin da ya fi komai daraja a wajensu ɗan ƙarami ne mai duhu, alamar abin bautarsu Shiba ce kawai a ciki, sa na dutse da suke kira Nandi yana fuskantarta daga waje. Su a ganinsu gidan abin bautarsu ne, mutum ya zo ya gaishe shi ya kewaye ya tafi, kuma an yi shi ne ya wakilci tsaunin Kailash inda suka ce yana zaune. Ba addinina ba ne, amma na ji daɗin fahimtar dalilin.

Abokaina sun gaji suna neman inuwa, ni kuwa na bi wata 'yar hanya ta gefe na hau saman tsaunin, kuma a nan ne jikina ya yi sanyi. Ashe babu abin da aka gina. Dutse ɗaya ne aka sassaƙe daga sama zuwa ƙasa, tun ƙarni na 8 zamanin sarki Krishna na farko, da guduma da kurfi. Sun fara da rufi suka ƙare da daɓe! In hannu ya goce ya ɓalle wani wuri shi ke nan, ba a mayarwa. Na so in zauna nan har la'asar, ina, direba ya riga ya cinye lokacin a shago.

A gurguje na leƙa kogo na 10 na mabiya Budda, kuma shi na fi jin takaicin barinsa. Rufin an sassaƙa shi da haƙarƙari ka rantse katako ne, can ƙurya ga tulluwar da suke kira stupa, asalinta tudun da ake adana abin da ya rage na gawar Budda, gabanta siffarsa a zaune yana koyarwa. Wani baƙo ya ɗan rera wani abu ƙasa-ƙasa, muryar ta cika wurin gaba ɗaya, nan na gane an yi shi don masu karatu cikin jam'i. Kogunan kusa da shi kuwa ƙananan ɗakunan kwanan sufayensu ne. Ko zama ban yi ba aka fara kirana a waya.

Garin Khuldabad ma, inda kabarin sarki Aurangzeb na daular Mughal da na waliyyai da dama suke, ta tagar mota muka gan shi.

In za ka je, tun kafin ka shiga mota ka gaya wa direba ba shago ko ɗaya, in ya ƙi ka nemi wani. Ka fara hawa sama da sanyin safiya sannan ka sauko ciki. Ellora ba a buɗewa ranar Talata, kogunan Ajanta kuma ranar Litinin, kuma kar kowa ya ruɗe ka cewa za ka haɗa su biyun a yini ɗaya, Ajanta kusan kilomita 100 ce daga Aurangabad.