Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Mage Nama

A makon jiya na tsaya a inda jirginmu ya sauka Katunayake, arewa da Kolombo, ni da maigidana Alhaji da 'yar jakar safaya, wani dutse mai daraja, da muka saro a Mambila. Shekarar 2017 ke nan. Shi zuwansa Siri Lanka na huɗu, ni kuwa ko Kwatano ban taɓa leƙawa ba.

Direban da ya ɗauke mu ya haɗa tafukan hannunsa a ƙirji, ya ce, "Ayubowan." Na dubi Alhaji. Ya ce, "Ranka ya daɗe ya ce maka, ka mayar masa." Ashe ma'anarta ke nan daidai, fatan tsawon rai. Nan take na ji ƙasar ta ɗan rage mini nisa.

A Beruwala muka sauka, garin bakin teku a kudu da Kolombo, inda kasuwar duwatsu ta China Fort take. Yawancin dillalan can Musulmi ne, sallama kawai ta isa ta buɗe maka ƙofa, kuma a tsakaninsu Tamil suka fi yi. Amma da zarar ka fito titi, mai a-daidaita-sahu da kwandastan bas da mai shago, Sinhala za ka ji. Alhaji bai damu ba, kalkuleta ce harshensa. Ni da ake aika sayen shayi da burodi, dole ta sa na koya.

Malamina wani saurayi ne mai aiki a masaukinmu. Yana kirana "aiya", wato yaya, ni kuma ya ce in riƙa ce masa "malli", ƙane. Haka suke yi ko da baƙo ne: akka ga wadda ta girme ka, nangi ga ƙanwa. Daren farko ya dafa ƙirji ya ce, "Mage nama," sannan ya faɗi sunansa. Dariya ta ƙwace mini har da ƙwalla. Da ƙyar na fahimtar da shi cewa a garinmu ya ambaci kyanwa da nama ne a jere, alhali shi "sunana" kawai yake nufi. Da ya gane, sai da ya kira mai girki ya ba shi labari.

Rubutunsu kuwa ban ko gwada ba. Baƙaƙe ne zagayayyu kamar an barbaza taliya. Malli ya ce a kan ganyen giginyar ƙasarsu kakanninsu ke rubutu, miƙaƙƙen layi yana tsaga ganyen, shi ya sa. Ni dai ajami na ɗauko, ina rubuta abin da kunnena ya ji a bayan littafin lissafin Alhaji: istuti, na gode, kohomada, yaya kake, hondai, lafiya lau, ow, i, nae, a'a. Lissafi ma na haddace a dare biyu, eka, deka, tuna, hatara, paha, kuma shida ba ta taɓa ɓace mini ba tunda sunanta haya.

Kalmar da ta kaɗa mini hanji ita ce "hari". Muna cikin a-daidaita-sahu bayan isha, hanya duhu, kuɗin Alhaji a jikina, sai direba ya ɗaga waya yana ta "hari, hari, hari." Wanda ya taso a Arewa ya san abin da zuciyata ta raya. Na karanta duk addu'ar da na sani har muka iso ƙofar masauki. Washegari malli ya ce ai "to, shi ke nan" ke nan.

Sai kuma ranar da na ɗauka na ƙware. Na shiga shago sayen zanen maza irin wanda suke ɗaurawa. Na ce, "Kiyada?" wato nawa. Ya faɗa. Na murtuke fuska na ce, "Ganan wadi, adu karanna," ya yi tsada, a rage. Na taya, sai mutumin ya karkaɗa kai hagu da dama yana murmushi. Na ce a raina albarka ya yi, na ƙara rufi ɗari. Ya sake karkaɗawa, na sake ƙarawa. Alhaji da ke bakin ƙofa ya ce, "Kai yaro, mutum ya sallama maka tun ɗazu, kana ta ƙara masa?" Wannan karkaɗa kan ashe amincewa ce, kuma babu ita a littafina.

Kalma biyu ce har yau nake wa malli addu'a a kansu: "miris epa", ban son barkono. Ina taƙama na ci yajin tsiren Sabon Gari, amma shinkafa da miyar kifin da aka kawo mini rana ta biyu sai da ta sa na yi ta kiran "watura, watura", ruwa, kamar mai gobara.

Kwananmu tara Alhaji ya ce in haɗa kaya, za mu Ratnapura, garin da sunansa ma ke nufin birnin duwatsu masu daraja. Ya ce tunda na zama ɗan gari, ni zan yi magana da kwandasta. Yadda ta kaya tsakanina da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.