Mako na tara da jita: na koma bugu 60

'Yan uwa masu koyo, yau mako tara ke nan ina fama da salon ƙwanƙwasa tsirkiya da yatsan hannun dama, wanda makaɗin jita Eddie Van Halen ya fito da shi fili a kiɗansa "Eruption" a 1978. Kiɗan bai kai minti biyu ba, babu waƙa a ciki, kusan jita ce zalla. Ba shi ya fara ƙwanƙwasar ba, amma bayansa ne samari a Amurka suka shige ɗaka suna neman yadda aka yi.

Atisayen da nake yi ɗan ƙarami ne. A tsirkiya ta biyu, manunin hagu na danne gaɓa ta 5 a wuyan jita, ƙaramin yatsa na sauka a ta 8, sai ɗan tsakiyan dama ya ƙwanƙwasa ta 12 ya fizge. Sauti uku, a yi ta juyawa. Makon jiya na kai metronom, na'urar da ke ƙirga min bugu a minti, bugu 110 ina jin daɗi, sai na naɗi kaina a waya na saurara. Wallahi raina ya ɓaci. Sautin gaɓa ta 8 kusan ba ya fita, sauran tsirkiyoyi kuma sai gunji suke ta cikin amfilifaya, na'urar ƙara sauti, don ban kwantar da gefen tafin dama a kansu ba. Na dawo 60. Kwana biyar ina nan, ina ƙara bugu huɗu ne kawai idan na yi sau goma a jere babu datti. Yau ina 76, kuma fatar bakin ɗan tsakiyana ta fara yin kanta.

Wannan komawa baya ta canza min kunne. Da idan na ji Yngwie Malmsteen, mutumin Suwidin da ya fitar da faifan "Rising Force" a 1984, gudun kawai nake ji. Yanzu tsabtar nake ji: kowane sauti na tsaye da ƙafarsa, kuma idan ya tsaya a kan guda ya girgiza tsirkiyar, faɗin girgizar ba ya kaucewa. Kiɗan goge irin na Paganini, tsohon makaɗin Italiya, ya ɗauko ya ɗora a jita, shi ya sa jerin sautukansa ba su yi kama da na buluz da aka saba ji a rok ba.

Amma wanda na fi komawa gare shi Joe Satriani ne. A faifansa "Surfing with the Alien" na 1987 jitar ce ke rerawa a madadin murya, kana iya bin karin da baki kana tafiya. Malami ne kuma. Shahararren makaɗin jita Steve Vai ɗalibinsa ne, haka Kirk Hammett na ƙungiyar Metallica, to ka ga yadda hannu ɗaya ya ratsa gidaje da yawa. Har kiɗan da ba rok ba abin ya taɓa, don Van Halen ne ya kaɗa jitar tsakiyar "Beat It" ta Michael Jackson.

Na san masu cewa salon nan nuna bajinta ne kawai, babu zuciya. Bayan 1991, da ƙungiyar rok ta Nirvana suka yi tashe, kasuwarsa ta ja baya sosai. Ban ƙi ba, akwai masu gudu babu inda za su. Sai dai duk wanda ya ji Mdou Moctar na Nijar yana cusa ƙwanƙwasar nan cikin kiɗan Buzaye, ya san dabarar tana ɗaukar duk abin da mai ita ya zuba mata.

Mako mai zuwa zan gwada sauya tsirkiya ba tare da na tsaya ba, daga ta biyu zuwa ta ɗaya. A nan hannun dama ke ɗagawa, gunjin ya dawo. Wanda ya wuce wannan wurin a cikinku, don Allah ya gaya min yadda yake ajiye fik ɗinsa, ɗan abin kaɗa tsirkiya, lokacin ƙwanƙwasa, ni dai tsakanin babban yatsa da manuni nake riƙe shi, kuma yana yawan zamewa.