Saƙon godiya ga waɗanda suka ɗauki nauyin karatuna na digiri na biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A makon jiya ne Allah Ya nufe ni da biyan kashi na ƙarshe na bashin da na ci saboda karatun digiri na biyu a Ingila. Tun ranar da na bar gida na ƙudura a raina cewa ba zan rubuta godiya a bainar jama'a ba sai ranar da babu mai bina ko kwabo a kan wannan karatu, domin ina jin nauyin in tsaya ina jera kalmomin yabo alhali kuɗin mutane suna wuyana. Takardar shaidar kammalawa ta daɗe a hannuna, 'yan uwa da abokan arziki sun yi mini barka tun tuni, amma sai yanzu nake jin na sauke kayan. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya nuna mini wannan rana ina da rai da lafiya.

Bayan na kammala digirin farko a fannin aikin gona a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, na yi bautar ƙasa kuma na kama aiki, sau biyu ina neman tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya mai suna Chevening ba tare da na kai ga nasara ba, kuma da na sake karanta abin da na rubuta musu daga baya, na gane cewa rubutuna ne bai nuna ba tukuna. A shekarar 2023 Allah Ya sa na dace da tallafin GREAT, wanda gwamnatin Birtaniya da hukumar British Council suke bayarwa tare da haɗin gwiwar jami'o'in ƙasar, wato fam 10,000 da ake ragewa daga kuɗin makaranta na digiri na biyu mai shekara guda. Ina miƙa godiyata gare su da kuma jami'ar da ta zaɓe ni, domin ba don wannan tallafi ba da ko tunanin tafiyar ban fara ba. Haka nan ina gode wa malamina da ya duba aikin binciken digirina na farko, wanda ya rubuta mini takardar shaida har sau uku ba tare da ya taɓa nuna gajiya ba, kuma ya mayar mini da rubutun neman tallafin cike da jan biro har sai da ya yi kyau.

Abin da mutane da yawa a unguwarmu ba su sani ba shi ne, tallafin rabin hanya ya kai ni. Ya ɗauke sama da rabin kuɗin makaranta, amma ragowar tana kaina, ga kuɗin biza wanda a lokacin fam 363 ne, ga kuɗin inshorar lafiya wanda shi ma a lokacin fam 470 ne a kowace shekara, ga gwajin tarin fuka, ga tikitin jirgi. Sama da duka, dokar biza ta wancan lokaci ta tanadi cewa ɗalibin da zai zauna a wajen Landan ya nuna fam 1,023 na kowane wata har na tsawon wata tara, wato fam 9,207, haɗe da ragowar kuɗin makaranta, kuma kuɗin su kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun ragu ba. Na yi lissafina a kan farashin gwamnati na wancan lokaci, lokacin da dala take wajen Naira 460 ga mai biyan kuɗin makaranta ta hanyar Fom A, wato takardar neman canjin kuɗin waje ta banki. A tsakiyar watan Yunin 2023, makonni kaɗan bayan cire tallafin man fetur, aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta haura Naira 700, kuɗin da na yi shekara huɗu ina tarawa suka wayi gari ba su kai kashi biyu cikin uku na darajarsu ba. Na zauna da takarda da biro na buga lissafin ta kowace fuska, daga ƙarshe na fara rubuta wa jami'a wasiƙar janyewa.

Ƙanwata ce ta ga wasiƙar a kan kwamfuta ta je ta faɗa wa Inna. Da yake ni ne ɗan fari, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma zama ta yi doguwar magana da ni, saboda haka ba ta ce mini uffan ba. Bayan sallar isha'i sai ga ƙanwata ta shigo da wani ɗan ƙulli a tsohon kallabi, ta ce Inna ta ce a ba wancan yaron. Da na kwance sai na ga 'yan kunne da sarƙa na zinariya waɗanda marigayi mahaifinmu ya sayo mata a Makka, abin da tun ina yaro ban taɓa ganin ta saka ba sai ranar salla ko bikin 'ya'yanta. Na tashi na je ƙofar ɗakinta na durƙusa na ce ba zan iya karɓa ba. Tana daga ciki, ba ta ɗaga labule ba, ta ce, "Mai su ma da yana raye abin da zai yi ke nan, tashi ka je ka kwanta." Inna, babu abin da zan rubuta a nan da zai kai ko kusa da wannan dare. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan Baba, Ya haɗa ku a Aljanna Firdausi.

Kawuna da ke ƙauye ya buɗe rumbu ya fitar da buhunan masarar da ya ajiye yana jiran kasuwa ta yi kyau, ya sayar tun lokaci bai yi ba, kuma duk wanda ya bi yadda farashin hatsi ya ci gaba da hawa a watannin da suka biyo baya ya san irin asarar da ya ɗauka saboda ni. Bai taɓa tayar mini da zancen ba. Wani Alhaji, aminin mahaifina da ke sana'ar hatsi a kasuwar Dawanau a Kano, shi ne ya ranta mini mafi girman kaso, ba ruwa, ba jingina, shaidarsa kawai liman. A lokacin akwai masu zuba wa ɗalibi kuɗi a asusu na 'yan kwanaki domin a nuna wa ofishin biza, su karɓi lada mai tsoka, su kwashe kuɗinsu, ɗalibi ya sauka a ƙasar mutane hannu rabbana. An kawo mini wannan shawara fiye da sau ɗaya, kuma Alhaji ne ya hana ni da kakkausar murya, ya ce abin da aka gina a kan ƙarya da riba ba ya albarka, ya ce in riƙe nasa kuɗin in ci in sha da su, in biya a hankali. Ƙungiyar taimakon kai da kai ta ma'aikatarmu ita ma ta ba ni rance marar ruwa, abokan adashinmu kuma suka yarda aka ba ni kwasar farko alhali ba layina ba ne. Allah Ya saka wa kowannenku da mafificin alheri.

Na isa Ingila a watan Satumba ina ganin wahala ta wuce, ashe babbar tana gaba. Jami'a ta raba mini ragowar kuɗin makaranta kashi-kashi, kuma wani ɓangare na abin da zan biya yana gida a Naira. Zuwa watan Fabrairun 2024 dala ta wuce Naira 1,500, fam kuma ya doshi 2,000, abin da na bari a asusu ya zama bai isa kashi na biyu ba. A wannan shekarar ne labari ya bazu na wasu ɗaliban Najeriya da aka dakatar da karatunsu aka ce su bar ƙasar saboda sun kasa biya a kan lokaci, kuma duk wanda yake can a lokacin ya san irin fargabar da muka kwana da ita. Doka ta ba ɗalibi damar aikin sa'a 20 kacal a mako lokacin da ake karatu, mafi ƙarancin albashi kuma a lokacin fam 10.42 ne a sa'a kafin ya koma 11.44 a watan Afrilun 2024. Na samu aikin dare a wani ɗakin ajiyar kaya, ina jera kwalaye daga ƙarfe goma zuwa asuba kwana biyu a mako, in shimfiɗa kwali a lungu in yi salla, in hau motar farko in wuce aji da sanyin da ke ratsa ƙashi. Abin da nake samu yana biyan haya da abinci, amma bai taɓa kusantar kuɗin makaranta ba.

Wata ma'aikaciya a ofishin kula da walwalar ɗalibai ce Allah Ya yi amfani da ita. Na je wurinta ina jin kunyar buɗe baki, ta ajiye abin da take yi, ta jawo kujera kusa da ni, muka bi takardun asusuna layi-layi na fiye da sa'a guda. Ita ta sanar da ni cewa jami'a tana da asusun agajin ɗaliban da suka shiga matsi, ta taya ni cike takardar nema, ta kuma rubuta wa ofishin kuɗi aka sake raba mini biyan zuwa ƙananan kaso har ƙarshen zangon karatu. Ba addininmu ɗaya ba, ba ƙasarmu ɗaya ba, kuma da wuya ta taɓa ganin wannan rubutu, amma ina so 'yan uwana su san cewa da hannunta a cikin wannan digiri. A ganina babban kuskurena shi ne jinkirin da na yi kafin in je, domin na ɓata kusan wata guda ina ɓoye halin da nake ciki, kunya ta hana ni tambayar abin da dama an tanade shi domin irina.

Ina gode wa jama'ar masallacin unguwar da na zauna, waɗanda a azumin 2024 suka ciyar da mu buɗa-baki tun daga farko har salla, da 'yan uwa Hausawa na Najeriya da Nijar da Gana da suka yi mini karo-karo a ɓoye, aka saka a ambulan aka tura ta ƙarƙashin ƙofar ɗakina ba suna. Har yau ban san ko su wane ne ba, amma Wanda ya kamata Ya sani Ya sani.

Uwargidana kuma, wadda ta amince muka saki gidan haya ta koma cikin gidanmu da yara biyu, ta riƙe su da kuɗin ɗinki shekara guda cur, kuma duk lokacin da na kira sai ta ce komai lafiya, sai bayan na dawo na ji cewa ta sayar da firjinta domin kuɗin makarantar babbar 'yarmu. Maman yara, na gode, Allah Ya ba ni ikon saka miki tun a duniya.

Akwai wani ɗan littafi mai shuɗin bango da na rubuta sunan duk wanda ya ba ni rance da adadin da ya bayar, ina soke layi duk lokacin da na biya. Layin Alhaji ne ya rage, kuma shi na soke a makon jiya. Wanda duk na saɓa masa lokacin biya, ko na daina ɗaukar wayarsa a kwanakin da kunya ta rufe ni, ina roƙonsa ya yafe mini domin Allah. Ranar Juma'a mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan je ƙauye in gaida Kawu, domin shi ya ƙi yarda in rubuta sunansa a littafin, ya ce masararsa ba rance ba ce, kuma zan tafi masa da buhunan taki kafin damina ta sauka ko da zai yi mini faɗa.

Wassalamu alaikum.