Makon farko ne ya ci ni a ajin Sinanci

Duk wanda ya samu gurbin karatu a ƙasar Sin ya turo min saƙo, tambayoyinsa ba sa wuce biza, sanyi, da inda zai samu abincin halal. Ina amsa masa, sannan in ƙara masa da wadda bai yi ba, wato jarrabawar raba aji da ake yi a makon farko. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na tuna ta sai raina ya sosu.

A watan Satumban 2018 na sauka a Wuhan da tallafin gwamnatin Sin, zan yi digiri na biyu. Sharaɗin shi ne shekara guda ta koyon harshe tukuna, kuma sai na kawo shaidar cin HSK, wato jarrabawar auna ƙwarewa a Sinanci, mataki na 4 kafin sashen da na nema ya karɓe ni. Ban je hannu rabbana ba. Na daɗe ina tsaron shagon yayana a Kantin Kwari, a bakin 'yan Chana masu kawo mana yadi na tsinci Sinancin ciniki: ƙirga kuɗi, sunayen launi, "ya yi tsada", "yaushe kwantena za ta iso". Muryoyi huɗun nan na Sinanci da ke ɗaure wa Turawa kai kuwa, kunnen da ya tashi da Hausa ya riga ya san ma'ana tana canzawa idan murya ta hau ko ta sauka. To wannan ɗan bakin da na je da shi, shi ya kai ni ya baro.

Jarrabawar kashi biyu ce. Ta takarda, na cike shafin farko da ke da pinyin, wato Sinanci da aka rubuta da haruffan boko, sauran shafukan masu haruffan Sinanci na miƙa su fari fat. Ta baki kuwa, wata malama ta tambaye ni daga ina nake, me nake yi a gida, nan take na shiga zuba mata labarin kasuwa har tana dariya. Washegari aka kafe sunaye, na ga nawa a aji na biyu, ajin waɗanda suka riga suka yi zango guda. Har waya na buga gida ina ba da labari.

Ga yadda makonmu yake. Daga Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe takwas na safe an rufe ƙofa, a tashi dab da sha biyu. Kowane darasi minti 45 ne, ana haɗa su bibbiyu da ɗan hutu a tsakani, wato darasi huɗu a rana, ashirin a mako. Uwar darussan ita ce zonghe, inda ake haɗa nahawu, sababbin kalmomi da karatun nassi. Kusan kullum akwai ta, kuma malamar da ke koyar da ita ita ce uwar ajin: ita ke riƙe rajista, ita ofis ke tambaya idan ka yi laifi. Sauran su ne magana, sauraro da karatu, kowanne da malaminsa da littafinsa. A takarda yamma taka ce. A zahiri yamma ta aikin gida ce, domin duk kwana biyu ko uku an gama babi, kowane babi kuma da jerin kalmomi wajen talatin zuwa arba'in da za a tambaye ka.

Tambayar kuwa da hannu ake amsa ta. Sunanta tingxie: malama ta rufe littafi ta faɗi kalma, kai ka rubuta harafinta a kan 'yar takarda, minti goma an karɓe. Ranar farko na ji duk kalmomin da ta faɗa, wasu ma na san su tun Kano. Na riƙe biro ina kallon takarda. A damana ɗan Koriya, a haguna 'yar Japan wadda tun firamare take rubuta irin waɗannan haruffa a harshensu, su kam sun gama sun harɗe hannu. Akwai ma wata 'yar Najeriya da ta fito daga Cibiyar Confucius ta Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, inda ake koyar da Sinanci. Bakinta bai kai nawa gudu ba, amma an fara mata daga tushe, hannunta a zaune yake.

A jadawalin aji na ɗaya akwai darasi na musamman na haruffa, inda ake koya maka wane zane ake fara ja, wane ke biye, da ƙananan sassan da ake harhaɗa harafi da su. A jadawalin aji na biyu babu shi ko kaɗan, an ɗauka ka wuce wurin. Ni kuwa ban taɓa bi ta wurin ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, ashe akwai ƙofar fita, kuma a buɗe take tsawon mako guda. A makon farko an yarda ɗalibi ya je ya zauna a ajin da ke ƙasa ko sama da nasa, in ya ga can ya fi masa, malamai biyu su sa hannu a mayar da shi. An sanar, ba za a ce ba a sanar ba. An manna a allon sanarwa, an tura a zauren ajinmu na WeChat, manhajar saƙonni da ake amfani da ita a Sin, duka da haruffan Sinanci zalla. Sanarwar da aka yi domin wanda bai iya karatu ba, sai wanda ya iya karatu ne zai san da ita. Ko da na gane ramin da nake ciki na nufi ofis, an riga an dawo daga hutun ranar ƙasa ta 1 ga Oktoba. Matar da ke wurin ta duba kwamfuta, ta ce an rufe rajista, babu yadda za a yi. Cikin ladabi ta faɗa, har da murmushi, ni kuwa da a ce ta yi min tsawa ma da ya fi min sauƙi.

Wannan hutun ma sai da ya bar min tabo. A Sin idan aka ba da hutu mai tsawo, ana ramawa da Asabar ko Lahadi. A shekarar, 29 da 30 ga Satumba ranakun aiki ne duk da sun faɗo a ƙarshen mako. Ni ina ɗaki ina wanki, ana can ana kiran suna. Kuma a makarantarmu wanda ya rasa sulusin darussan wani fanni ba ya zama jarrabawarsa, makara ma ana tara ta ana lissafawa. Ita ma wannan sanarwar da haruffa ta zo.

A watan Nuwamba aka yi jarrabawar tsakiyar zango. A magana ina cikin na gaba, sauraro ma ba laifi, zonghe da karatu kuwa na sha ƙasa. Nan hankalina ya tashi da gaske, domin tallafin nan na yuwan 3,000 a wata da ake ba ɗalibin digiri na biyu ba gado ba ne, duk shekara ana sake duba sakamako da halartar aji kafin a ci gaba da biya.

Wani Bahaushen Zangon Kumasi da ya girme ni, yana shekararsa ta uku a wurin, shi ya zaunar da ni a kantin abincin Musulmi na makaranta. Ya karɓi takardar jarrabawar ya juya ta, ya ce, "Ƙanina, kai zane kake yi, ba rubutu ba. Kana kwaikwayon hoto ne." Ya ɗauki biro ya warware min harafi ɗaya gida biyu: na hagu ɗigo uku ne masu nuna abin ya shafi ruwa, na dama kuma yana ba ka hasken yadda za a furta. Ya jero min wanka, teku, kogi, miya, duk da ɗigo ukun nan a gefe. Wallahi abin da 'yan aji ɗaya suka sani tun Satumba, ni sai a ranar na ji shi.

Daga nan na sayi littafin rubutu mai gidaje murabba'i, irin na yaran firamarensu, kowane gida an raba shi huɗu don ka san inda zane zai faɗa. Bayan sallar asuba sai in zauna in cika shafi, in rufe in sake daga ka, kamar dai almajiri da allonsa. Wuhan tana kudu da layin da gwamnati ke ba gidaje ɗumi na bai ɗaya, sanyinta kuma mai laima ne, don haka a Disamba da safar hannu mai yankakken yatsu nake rubutun. Ɗan Koriyan nan ma muka ƙulla ciniki: yana duba min jerin zane, ni ina sa shi magana, domin shi kunya ke hana shi buɗe baki.

Zango ya ƙare a tsakiyar Janairu, ba a komawa sai ƙarshen Fabrairu, bayan bikin sabuwar shekararsu da ya faɗo 5 ga Fabrairun 2019. Tun daga gida na ƙudurta wannan hutun a Guangzhou zan yi shi, in ga unguwar Xiaobei da 'yan kasuwarmu ke sauka, in duba wa yayana kaya da idona. Abokai suka hau jirgin ƙasa suka tafi. Ni na ari littafin aji ɗaya na fara daga babi na farko, a makarantar da ta zama kufai, kantin Musulmi a rufe, sai shagon taliyar Lanzhou ɗaya da ya rage a bakin titi. Da Yaya ya kira yana tambayar labarin kaya, cewa na yi karatu ya yi yawa. Ban ga ta inda zan fara yi masa bayanin cewa sanarwa ɗaya ce ta cinye tafiyar ba.

Zango na biyu ya zo da sauƙi, sai dai an ƙara mana darussan shirin HSK da yamma, ɗaya ya faɗo Juma'a. Muka haɗu mu Musulmin ajin muka je wajen uwar aji tun makon farko, kafin jadawali ya daskare, aka mayar da shi Alhamis ba tare da wani ja-in-ja ba. Azumi ya kama a farkon Mayu, daidai lokacin da shiri ya yi zafi, wannan kam sai haƙuri.

HSK 4 da na rubuta tana neman kalmomi 1,200. Tambayoyi 100 ne, 45 na sauraro, 40 na karatu, 15 na rubutu, maki 300, ana ci da 180. A 2021 ma'aikatar ilimin Sin ta fitar da sabon ma'auni mai matakai tara, don haka wanda zai tafi yanzu ya nemi tsarin da makarantarsa ke bi. Abin dariyar shi ne ana iya rubuta ta a kwamfuta: ka buga pinyin, haruffa su fito, ka zaɓi naka. Haka na yi, na kuma ci da rata mai kyau. Wani zai ce to wahalar me ka sha? Ba ka zaɓar harafin da ba ka gane ba, kuma jarrabawar ƙarshen zango ta makaranta da biro ake yin ta. Da na shiga sashena kuwa, malami ya juya baya ya cika allo da rubutun gaggawa, kalmomi 1,200 ɗin nan ko rabin hanya ba su kai ni ba.

In za ka tafi, musamman kai da ka koyi Sinanci a kasuwa ko a waya, ranar raba aji ka gaya wa mai yi maka tambayar baki ƙarara cewa ba ka iya rubutu ba, ka roƙe ta ta dubi takardarka kafin ta sa ka a aji. Ka tambayi ranar da ake rufe canjin aji, a rubuta maka ita da lamba. Ka ɗauki safiya ɗaya ka zauna a ajin da ke ƙasa da naka, ko da kana jin ka fi ƙarfinsa, ka duba ko akwai darasin haruffa a jadawalinsu da babu a naka. Duk sanarwar da ta shigo WeChat, ka danna ta ka riƙe, manhajar za ta fassara maka. Kuma kada ka rubuta sunanka a littattafan da ka saya sai makon ya fita, domin a wurinmu ba a canza littafin da biro ya taɓa.